Kalilu Mai Turi da Jan Linzamin Sabiyal

Kafin mahauta su rataye nama a kasuwar Jega, Malam Kalilu ya riga ya buɗe tukwanensa. Daga masallaci yake wucewa rumfa, ba ya komawa gida. Yakan share gaban rumfar, ya yayyafa ruwa, sannan ya ɗaga murfin babbar tukunya ya shinshina. Wannan ita ce ta kuloko, ruwan tsatsar ƙarfe da tsamiya da ke mayar da fata baƙa. Ta kusa da ita ta karan dafi ce, mai ba da ja. Akwai wata 'yar ƙarama ta gangamau don masu son rawaya, amma ba kullum ake taɓa ta ba. In ya gamsu da tukwanen, sai ya sauko da aikin jiya daga igiyar da ke cikin inuwa, ya bi kowace fata da ɗan tsumma mai man gyaɗa, ya goge ta da gindin kwalba har ta yi sheƙi. Sai ya gama wannan duka yake karɓar kununsa, kuma sau da yawa kunun ya huce.

Na san haka ne domin rumfata, inda nake sayar da maganin dabbobi, tana kallon tasa. Sunana Abdussalam, kuma shekaru da dama ke nan muna gaisawa da shi ta tsallaken hanya. Bana ya ajiye aiki. Na ga bai kamata mutum irinsa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida shiru ba, kamar wanda ya zo cin kasuwa ya juya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Kalilu baduku ne ɗan baduku. Ya iya yanka, ya iya ɗinki, amma abin da aka fi saninsa da shi daga Jega har Aliero da Maiyama shi ne turi, wato rina fata, musamman sauya launin kayan doki da aka riga aka mora. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka doki na manya ne kawai. A wurinmu manomi mai ɗan hali yana da dokinsa da yake zagaya gona da shi, masu gari suna hawa zuwa gaisuwa da sulhu, masu matsar rake suna ɗaura nasu a injin mazarƙwaila, ango kuma yakan ari na maƙwabci. Duk waɗannan suna da fatun linzami, da kamazurun da mahayi ke riƙewa, da ɗan ƙirji, da majayin ɗaure sirdi. Rana tana cin launinsu, gumin doki yana dafe su. Wani kuma gadon kayan ya yi, launin bai kwanta masa ba. Wani ya sauya doki, jan da ya yi wa farin doki kyau ya ɓace a jikin ja. Dukansu rumfar Malam Kalilu suke nufa.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai ya warware kayan ya cire ƙarafan, ya wanke tsohon mai da gumi da ruwan toka mai ɗumi, ya bi da lemon tsami, ya shanya a inuwa. In aka bar maiƙo ko kaɗan, launi ba ya kamawa, sai fatar ta fito dabbare-dabbare. Bayan nan yake shafa launin da tsumma, a hankali, ya bari ya sha, ya sake shafawa. Daga ƙarshe ya mayar wa fatar da man da ya raba ta da shi, don kada ta bushe ta tsage a hannun mahayi. Abin da yake fara gaya wa duk wanda ya kawo aiki shi ne fata gaba take tafiya, ba ta komowa baya. Rawaya tana zama ja, ja yana zama baƙi, amma abin da kuloko ya taɓa ya tafi ke nan. Saboda haka ba ya tsoma tsumma a babbar tukunya sai ya sake tambayar mai kaya ko ya tabbata. Yana kuma da wata tambayar da ke ɓata wa wasu rai. Yakan so ya ji kayan na wane ne, kuma ta yaya suka zo hannun wanda ya kawo su. Akwai waɗanda suka ce masa shi baduku ne ko alƙali. Yakan yi murmushi ya ci gaba da jiran amsa.

Lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, hanya ta cika da motoci, kasuwa ta cika da baƙin kaya, har da galura ta gwangwani mai kama fata nan take. Dukawa da yawa suka koma mata, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ma Malam Kalilu yana sa ta a jaka da kube da tafin takalmi. Abin da bai yarda ba shi ne ya sa ta a fatar da za ta kwanta a jikin doki, don in gumi ya tsattsafo sai ta zuba, wani dokin ma har ta ci masa bayan kunne. Irin waɗannan dawakin wurina ake kawo su neman magani, saboda haka na ga abin da yake gudu.

Duk wannan ƙwarewa ce, kuma ƙwararru suna da yawa. Abin da ya sa nake jinjina masa ya faru ne a ranin da ya biyo bayan samun jihar, lokacin cirar albasa.

Akwai wani dattijo a Sabiyal, ƙasar Aliero, ana ce masa Ɗantsoho. Manomin albasa ne, yana da farin doki da yake ji da shi, kuma wurina yake sayen maganin tsutsa. Wata ranar kasuwa ya zo ransa a ɓace, ya zauna a bencina, Malam Kalilu ya tsallako suka gaisa. Ɗantsoho ya gaya mana an ɗauke masa jan linzami da kamazurunsa da ɗan ƙirji daga inda yake rataye su a zaure. Kayan na mahaifinsa ne, da su aka kai shi gidan aurensa na fari. Ya ce ai ɓarawon ma yana hannu. Wani ɗan ƙwadago ne mai suna Muntari, mutumin Karaye ta ƙasar Maiyama, wanda ya zo ban ruwan albasa kuma a zauren yake kwana. An bincike kayansa ba a ga komai ba, ya yi rantsuwa har ya gaji, amma wa zai ɗauka in ba wanda ke kwana da kayan ba? An tsare shi a gidan Maigari, an ce ya fito da su kafin kasuwa ta zagayo, in ba haka ba a miƙa shi ga 'yan sanda. Ɗantsoho ya ƙara da cewa matar mutumin ta taso tun daga Karaye da goyo, tana zaune ƙofar gidan Maigari ta ƙi tafiya. Muka jajanta masa, ya sayi maganinsa ya tafi.

Ba a daɗe ba, wata safiya, na ga Yahaya ya shigo layinmu da ƙullin buhu a hammata. Yahaya mijin Raihanatu ne, babbar 'yar Malam Kalilu, suna da 'ya'ya biyu. Aikinsa bin masu sayen albasa ƙauye-ƙauye, yana nuna musu gonaki yana tsaya musu wurin lodi. Ba ya yawan zuwa rumfar, saboda kunyar da ke tsakanin surukai. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga gefe, ya gaida tsohon, sannan ya tura buhun gabansa.

"Baba, ɗan aiki na kawo. So nike a maishe shi baƙi."

Malam Kalilu ya kwance buhun, ya daɗe yana juya abin da ke ciki. Ya tambaye shi na wane ne. Yahaya ya ce nasa ne, hannun wani matafiyi ya saya a tashar Maiyama, kuma yana da mai so in an yi shi baƙi. Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya ce ya bar shi ya komo bayan la'asar.

Ina jin Yahaya ya yi lissafin cewa kunyar surukuta za ta rufe bakin tsohon. Abin da bai sani ba, linzamin ya taɓa kwana a wannan rumfar tun shi bai auri Raihanatu ba. Rawaya ne lokacin da Ɗantsoho ya gaje shi, Malam Kalilu ne ya mayar da shi ja. Kuma yana da al'ada, duk abin da ya sauya wa launi yakan bar ɗan wuri kamar kan yatsa a cikin lanƙwasa, inda ido ba ya kaiwa, da tsohon launinsa.

Ranar nan bai yi aiki ba. Ya zauna da buhun a gabansa, tukunyar kuloko a buɗe kusa da ƙafarsa, har hantsi ya wuce. Mutane suka kawo aiki ya ce su komo gobe. Da muka fito sallar azahar ya yafuto ni, ya buɗe lanƙwasar fatar da ke bayan kunne ya nuna mini. Ga rawayar nan ƙarara. Ya kuma nuna mini wani faci a kamazurun, ya ce ɗinkinsa ne. Mu duka mun san abin da ke gabansa. In ya shafa kuloko, kafin rana ta faɗi jan linzamin Ɗantsoho ya bar duniya, ko mai shi aka nuna wa ba zai iya rantsewa a kansa ba. Gidan 'yarsa ya zauna lafiya. Muntari kuma ya tafi da sunan ɓarawo, wataƙila har gidan yari.

Da la'asar Yahaya ya dawo. Malam Kalilu ya ja shi bayan rumfa, inda nake iya jiyo su ko ban so ba. Ya gaya masa ya san kayan, ya san mai su, kuma akwai wanda ke tsare saboda su. Yahaya ya fara da rantsuwa. Da aka nuna masa rawayar sai ya ce ya je lodi gonar Ɗantsoho, suka huta a zauren, shaiɗan ya rinjaye shi. Babur yake son saye ya shiga kabu-kabu, ya gaji da bin motocin mutane. Tsohon bai zage shi ba. Ya ce su tafi Sabiyal tare da safe, shi zai shiga gaba, zai roƙi Ɗantsoho a kashe maganar a zaure, tunda kaya sun dawo lafiya. Yahaya ya ce in ya je ya gama yawo a ƙasar Aliero, ba mai sake ba shi amanar ko buhu ɗaya. Da ya ga tsohon ba zai sauya ba, sai ya sassauta murya.

"Baba, ka tuna ɗiyarka na gidana."

"Na tuna," in ji Malam Kalilu. "Shi ma wancan da anka ɗaure, ɗiyar wani na gidanai."

Yahaya ya ce to, zai zo da safe su tafi.

Abin da ya gudana a gida Raihanatu ce ta ba ni labarinsa daga baya. Mahaifiyarta, Inna Amariya, da ta ji zancen sai ta zauna ta yi ta roƙon mijinta. Ba ta ce a rina kayan ba. Cewa ta yi a ba wani ya jefa su a gonar Ɗantsoho, a tsince su, kowa ya huta. Malam Kalilu ya ce ya yi wannan tunanin tun a rumfa. In aka tsinci kayan a gona, cewa za a yi Muntari ne ya ɓoye su can, ko abokin satarsa ya ji tsoro ya yar. Kaya za su koma ga mai su, amma mutumin ba zai wanku ba. Ta ce to ya ce wani baƙo ne ya kawo, bai san shi ba. Ya ce da furfurarsa ba zai je gaban Maigari ya shirya ƙarya ba. Ta ce ashe ya zaɓi bare a kan jininsa.

Da safe ya jira a rumfa har rana ta ɗaga, Yahaya bai zo ba. Wani ɗan kamasho ya ce ya gan shi ya hau motar albasa mai zuwa kudu. Malam Kalilu ya rufe tukwanensa, ya ce in duba masa rumfa, ya saɓa buhun ya nufi tasha. A-kori-kura ta sauke shi Aliero, daga nan ya taka zuwa Sabiyal.

Ban je ba, amma Ɗantsoho da bakinsa ya ba ni labarin, kuma duk wanda ke wurin haka ya faɗa. Malam Kalilu ya iske Maigari zaune da dattawa a ƙofar gida, matar Muntari na can gindin bango da goyonta. Ya yi gaisuwa, ya nemi a kira Ɗantsoho, sannan ya zazzage buhun a kan tabarma. Ɗantsoho ya ɗauki kamazurun ya riƙe. Maigari ya tambayi inda aka samo su. Malam Kalilu ya ce rumfarsa aka kawo su don a mayar da su baƙi, kuma wanda ya kawo ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɗauka, shi kaɗai, ba da sanin kowa ba. Maigari ya ce wane ne. An ce tsohon ya sunkuyar da kai, sannan ya amsa.

"Ranka ya daɗe, mijin ɗiyata na. Yahaya."

Sai a lokacin Ɗantsoho ya tuna masu sayen albasa sun huta a zaurensa, kuma Yahaya ne ya kawo su. Aka fito da Muntari. Ya rame, sawun igiya na wuyan hannunsa. Aka gaya masa an ga kaya, ya tafi abinsa, Allah Ya ba da haƙuri. Bai yi godiya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo. A gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, yara suka bi shi da ihu, saboda haka a gaban jama'a yake so a ce ba shi ba ne. Wasu dattawan suka ga abin ya yi yawa, ai an sake shi. Malam Kalilu ya ce mutumin ya yi gaskiya, kuma shi ma ba zai kama hanya ba sai ya ji an faɗa. Haka ya zauna har azahar. Da aka sallame, Ɗantsoho ya miƙe a masallaci ya ce ya zalunci Muntari, ya nemi gafararsa a gaban kowa. Dattijo ne mai zafin kai, kuma ya gaya mini bai taɓa yin abin da ya yi masa nauyi kamar wannan tsayuwar ba. Bayan nan ya ce don darajar Malam Kalilu ya bar maganar Yahaya, ba zai kai ta ko'ina ba.

Zan so in ce daga nan komai ya yi daɗi, amma ba haka aka yi ba. Dangin Yahaya suka ce tsohon ya tona asirin surukinsa don ya yi suna. Suka sa Raihanatu ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta da 'ya'yanta. Da damina ta faɗi, wani direba ya zo da saƙon saki daga kudu. Inna Amariya ta yi watanni tsakaninta da mijinta sai gaisuwa da ajiye kwanon tuwo. A kasuwa ma akwai waɗanda suka janye, suna cewa kai wa Kalilu kaya sai ka shirya zuwa gaban Maigari. Wasu kuma suka ƙaru, musamman daga ƙauyukan Aliero, amma ba zan ce ribar ta rufe asarar ba. Na ga ramar da ya yi a shekarar nan. Ban taɓa jin ya ɗauko zancen da kansa ba, kuma in wani ya ɗauko don ya yabe shi, sai ya ce a bar tuna abin da ya raba aure.

Muntari bai sake zuwa ƙwadago Sabiyal ba. Ya koma Karaye ya kama noman gero da 'yar kiwo. In ya shigo Jega sayar da akuya yakan biyo ta layinmu, ya gaida Malam Kalilu, ya zauna a bakin rumfar tare da shi na ɗan lokaci, sannan ya yi sallama. Ban taɓa jin sun yi maganar linzamin ba.

Ita kuwa Raihanatu, da farko ko ɗakin da uban yake ba ta son shiga. Bai lallashe ta da baki ba. Wata rana ya kawo mata damin karan dafi gida ya ce ta daka masa, hannunsa na ciwo. Ta daka. Ya sake kawowa, ya nuna mata yadda ake jiƙa shi da ruwan toka. Daga nan ya fara barin mata ƙananan fatu ta gwada. Ashe tana da hannu, tana kuma da ido. Kafin a jima rabin jan da ke fita daga rumfar a tsakar gida ake yin sa, kuma duk wanda ya yaba, sai tsohon ya gaya masa aikin ɗiyarsa ne. Ta sake aure, wani mahauci mai haƙuri a nan cikin Jega, kuma kafin a ɗaura ta ce sai an bar ta da tukwanenta. Aka bar ta.

Da zan rubuta wannan na je na nemi izininta, don labarin nata ne kamar yadda yake nasa. Na tambaye ta ko har yanzu tana jin zafin abin. Ta amsa tana goge hannunta da ya rine.

"Malam Abdussalam, na yi kuka, kuma na yi hushi da Baba ƙwarai. Amma ko sa'ad da nike hushin, ban taɓa ce ma raina bai yi daidai ba. Ka rubuta."

Ido ne ya raba shi da aikin. Yanar ido ta soma rufe masa gani a hankali, bai gaya wa kowa ba, wataƙila shi ma bai gane ba. Bana wani mai gari daga wajen Jiga Birni ya kawo ɗan ƙirji a mayar masa ja. Malam Kalilu ya yi aikinsa ya kai gida don a goge, sai Raihanatu, da ta zo gaida iyayenta, ta ga wani gefen ya fi wani duhu. Ta rasa yadda za ta faɗa, daga baya ta faɗa. Ya fita da shi rana ya juya, ya sake juyawa, bai ga bambancin ba. Da mai kayan ya zo, ya gaya masa gaskiya, ya ce ɗiyarsa za ta gyara, kuma daga yau ita za a riƙa kai wa. Bai jira sai mutane sun fara gunaguni a bayansa ba. Ya kwashe tukwanen ya aika mata, ya bar wa wani ƙanensa mai ɗinkin takalma rumfar.

Malam Kalilu, na san in aka karanta maka wannan za ka ce na cika surutu. Ka yi haƙuri, yau dai ka saurara. Kai ne ka zauna da tukunya buɗe a gabanka, ba mai ganinka sai Allah sai ni da ba zan tona ba, ka mayar da murfin. Kai ne ka taka daga Aliero zuwa Sabiyal don mutumin da ba ka taɓa gani ba, alhali ka san abin da za ka tarar a gida in ka dawo. Mahautan layinmu suna yi maka kirari da baƙin hannu farar aniya, kuma ban ga abin da zan ƙara a kai ba. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka kyauta ba, sunanka bai taɓa fita a rediyo ba. Amma akwai yara a Karaye da suka tashi ba wanda ya taɓa ce musu 'ya'yan ɓarawo, kuma ba su ma san wanda ya yi musu wannan ba.

Mun gode. Masu dawaki sun gode, mu maƙwabtanka na kasuwa mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya yi wa Raihanatu da 'ya'yanta albarka, Ya saka wa Inna Amariya da ta haɗiye abin da ta haɗiye ta zauna. Shi ma Yahaya, duk inda yake, Allah Ya shirye shi.

Ku kuma masu sana'a, ko makanike ne kai da ake kawo wa babur a sauya masa fenti, ko tela, ko maƙeri, ko mai sayen tsofaffin kaya, akwai ranar da za a ajiye abu a gabanka wanda ka san ba daidai ba ne, kuma wanda ya ajiye ɗin naka ne. Ba na ce abin zai zo da sauƙi ba, don na ga abin da ya ci wa wannan tsoho. Ina dai gaya muku an yi a garin nan, kuma wanda ya yi yana nan da ransa.

In kun shigo Jega, ku tambayi gidan Kalilu mai turi, kowa ya san shi. Za ku same shi a zaure bayan la'asar. Ku shiga ku gaishe shi, amma ku fara faɗin sunanku, don yanzu ba ya rarrabe fuska, kuma yana jin nauyin ya tambaya.